"Kada ya ci komai daga sha biyun dare": har da ruwa, har da yaro ɗan shekara biyu?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah likitocinmu da nas-nas ku taimaka min da bayani. Ranar Talata za a yi wa Hanif aikin gwaiwa, shekararsa biyu da 'yan watanni. Nas ɗin da ta rubuta mana takarda ta ce daga ƙarfe sha biyun dare kada ya ci komai, kada ya sha komai, ko da ruwa ne. Na ce ƙarfe nawa za a shiga da shi, ta ce sai yadda layi ya kama. Yaron da ko tsakar dare sai ya tashi ya nemi ruwa, ga zafin Afrilun nan. Yaya zan yi da shi? Sannan wai me ya haɗa ruwa da aikin da za a yi a ƙasan mara?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa a yi a sa'a. Ki bi abin da suka ce kawai 'yata, su suka san aikinsu. Kukan kwana ɗaya ne.

Abban Khairat:
Ki bi kam, kuma ki sa ido a kan kakanni. Mu bara haka ta faru da mu. Mun taso tun daga gida da asuba, mun biya kuɗin mota, mun biya kuɗin aiki, har an sa wa yarinya rigar tiyata. Likita ya tambaye ta da wasa me ta ci yau, ta ce Kaka ta ba ta ƙosai. Ashe tsohuwa ta ga tana kuka a bakin asibiti ta gutsura mata rabin guda. Rabin ƙosai fa! Nan take aka ce mu koma, aka ɗaga mana sai wani watan. Har yau ina ganin an tsananta.

Likita Mai Sa Barci:
Maman Hanif, bari in fara da tambayarki ta ƙarshe. Hana cin ba don wurin da za a yanka ba ne, don barcin da za mu sa shi ne. Ko a yatsan ƙafa za a yi aikin, in dai za a sa shi barci, doka ɗaya ce.

A maƙogwaro hanya biyu ce, ta abinci da ta iska. Mutum in yana farke, ko yana barcinsa na dare, da wani abu ya nufi hanyar iska sai ya ƙware, ya yi tari ya fito da shi. Maganin barcin tiyata yana ɗauke wannan tarin gaba ɗaya, kuma bakin tumbi yana iya saki. In akwai abu a ciki sai ya taso, wani lokaci shiru ba ko yunƙurin amai, ya gangara huhu. In gutsuren abinci ne, ya toshe numfashi nan take. In mai ruwa-ruwa ne, to a gauraye yake da ruwan tsamin ciki, shi kuwa ƙona huhu yake yi, yaron da ya zo ƙaramin aiki ya koma kan iskar oksijin kwana da kwanaki.

Wani likitan mata a birnin New York mai suna Curtis Mendelson ne ya fito da wannan sosai a 1946. Ya bi bayanan haihuwa sama da 44,000, ya samu mata 66 da abin da ke tumbinsu ya shiga huhu, biyu daga ciki suka rasu saboda gutsuren abinci ya shaƙe su. Daga irin wannan tsoron ne "babu ci babu sha daga tsakar dare" ta samu gindin zama a asibitocin duniya.

Abban Khairat, ka yi haƙuri da asarar kuɗin mota, amma ni ma da ni ne ranar zan ɗaga aikin, ko aƙalla in mayar da ita ƙarshen layi in akwai hali. Ƙosai soyayye ne, mai yana jinkirta ciki. Kuma ba mu da yadda za mu tabbatar rabi ne ko guda biyu ne.

Maman Hanif:
To ke nan Likita ko ruwan ma in hana shi?

Likita Mai Sa Barci:
A'a, nan ne na rabu da takardar da aka ba ki. Kowane abu da lokacin da yake ɗauka kafin ya bar tumbi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ta ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka, wadda ta fito tun 1999: ruwa tsantsa a daina awa 2 kafin aiki, nonon uwa awa 4, madarar gwangwani ko ta shanu ko abinci marar nauyi awa 6, soyayye ko nama ko mai maiƙo awa 8.

Ki lissafa da kanki. In ƙarfe takwas na safe za a shiga da shi, tuwo da nama ya tsaya sha biyun dare, daidai ne. Amma ruwa yana da dama har ƙarfe shida na safe. To ina ga yaron da ba za a kira shi ba sai biyun rana? Kuma wane yaro ne yake farke sha biyun dare yana cin abinci? Bayan isha'i ya yi barci. Wato daga takwas na dare zuwa biyun rana, awa 18 ke nan ba ko ɗigon ruwa, a Afrilu. Babban da ke azumin Ramadan a ƙasarmu ma bai kai haka ba.

Irin wannan yaron in an kawo mana shi, leɓensa ya bushe, sukarin jininsa yana iya yin ƙasa, jijiya ta ɓuya mu yi ta huda hannu da ƙafa muna neman inda za mu sa kanula, wato 'yar robar da ake ƙarin ruwa ta cikinta, in an ba shi maganin barci jininsa ya sauka. Kuma doguwar ƙishirwar ba ta ƙara tsarkake cikin ba, domin tumbi ba ya daina zubo ruwan tsaminsa don an hana shi ruwa.

Sista Ladi:
Likita, da girmamawa, takarda daban, ɗakin marasa lafiya daban. Na tsufa a aikin tiyata, ba mugunta ce take sa mu cewa sha biyun dare ba. Ka ce wa uwa "za ki iya ba shi ruwa har ƙarfe shida", ka dawo ka tarar da kofin kunun gyaɗa a gefen gado. Ka yi magana ta ce ai ruwa-ruwa ne, ba tuwo ba ne. Wata shayi mai kauri da madara da Milo. Wata fura ce aka dama ta yi tsululu. In na ce kada a ba shi komai, kowa ya gane, har kakar da ba ta ji sosai.

Na biyu, layi ba ya tsayawa yadda aka rubuta. Yaron da ke na biyar sai a kira shi na farko, saboda na farkon ba a samo masa jini ba ko sakamakon gwajinsa bai fito ba. In ya sha ruwa ƙarfe takwas aka kira shi takwas da rabi, ya rasa damarsa. Iyayen kuma mu za su zaga, ba ku ba.

Hajiya Babba:
Yauwa Sista. Abin da nake nufi ke nan.

Ummu Yasmin:
Mu nan Ingila da aka cire wa ɗana haƙora aka sa shi barci, su da kansu suka kawo masa ruwan tuffa a ɗan kofi muna zaune muna jira. Na tsorata na ce ba an ce kada ya sha ba? Nas ta ce har saura awa ɗaya ana so ya sha. A takardar da suka aiko mana gida an rubuta ƙarfe kaza a daina abinci, ƙarfe kaza a daina ruwa, da jerin abin da suke kira ruwa.

Ɗan Damagaram:
Can daban ne Hajiya. Suna da wuta, suna da kayan aiki, in abu ya lalace suna da inda za su kwantar da yaro. Mu nan gara a yi taka-tsantsan. Rigakafi ya fi magani.

Likita Mai Sa Barci:
Sista Ladi, duk abin da kika faɗa na gani da idona, ba na musu. Amma ki duba, matsala biyun da kika kawo babu wadda take cikin tumbin yaro. Ɗaya ta bayani ce, ɗaya ta tsarin layi ce. Sai muka ɗauki duka biyun muka ɗora wa ɗan shekara biyu ya biya da ƙishirwa.

Abin da Ummu Yasmin ta gani ya samo asali ne daga 2018, lokacin da ƙungiyoyin likitocin sa yara barci na Birtaniya da Ailan da Faransa da ta Turai suka haɗu a kan cewa yaro ya sha ruwa tsantsa har saura awa 1, kimanin mililita 3 a kowane kilo na nauyinsa. Yaro mai kilo 12 kamar Hanif wajen mililita 36 ke nan, ko rabin ƙaramin kofi bai kai ba. A 2022 wata ƙungiyar likitocin sa barci ta Turai ta ƙara sassautawa: nonon uwa awa 3. Akwai ma asibitin jami'ar Uppsala a ƙasar Suwidin da suka daɗe suna barin yara su sha ruwa har sai an kira su tiyata. Amurkawa kuma da suka sake duba ƙa'idarsu a 2023 sun tsaya a kan awa 2. To manyan ma ba su gama daidaitawa tsakanin awa ɗaya da biyu ba. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da yake cewa awa 12.

Malam na Damagaram, ina tare da kai rabi. Inda babu ɗakin kulawa ta musamman, ni ma awa 2 nake riƙewa, ba na sauka ƙasa. Sai dai yaron da ruwan jikinsa ya ƙare shi ma haɗari ne, kuma a wajenmu ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Sista Ladi:
To wa zai riƙa bin gado-gado yana ba su ruwan yana rubuta lokaci? Nas biyu ce a kan yara talatin da dare.

Likita Mai Sa Barci:
Wannan kam kin kama ni. Abin da muke yi a inda nake, ba kullum yake tafiya ba: duk yaran da ke layi a ba su ruwan sukari ƙarfe shida na safe gaba ɗaya, tunda ba ma fara aiki kafin takwas. Babu wanda zai rasa damarsa. In ƙarfe goma ta yi muka ga wasu ba za su shiga ba sai bayan azahar, mu aiko a sake ba su, ko a sa musu ƙarin ruwa. Kuma mafi ƙanƙanta shi ne farkon layi.

Sista Ladi:
Na shidan safe zai yiwu. Na ƙarfe goman, sai in kun tuna kun aiko. Yawanci in kun shiga ciki kun manta da na waje.

Baban Gida:
Mu dai da aka yi mana kaciya wajen wanzami, sai da muka cika ciki da tuwo da miyar kuka, ga mu nan garau.

Abban Khairat:
Wanzami ya sa ka barci ne? Ai ihunka har ƙauyen gaba an ji.

Likita Mai Sa Barci:
Abban Khairat ya amsa maka. Amma wasan naka ya taɓo wani abu. Kaciyar da ake yi da allurar kashe wuri kawai, yaro yana farke, ba lallai a hana shi ci ba, a dai tambayi mai yin. In kuwa za a yi masa allurar da za ta gusar da hankalinsa, irin ketamin da ake yawan amfani da ita a asibitocinmu, ko maganin da ake ba yaro don ya kwanta shiru a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, to dokar tana nan daram. Mutane suna raina waɗannan suna cewa ai ba tiyata ba ce. Hanyar iska ba ta san sunan aikin ba.

Ɗan Damagaram:
To a fayyace mana ruwa tsantsan nan. Koko da aka tace fa? Zoɓo fa?

Likita Mai Sa Barci:
Zuba shi a kofin gilashi, ka ɗora a kan rubutu. In kana iya karanta rubutun ta cikinsa, kuma babu madara, babu gari, babu ɓarɓashi, to ya shiga. Ruwan sha, ruwan da aka narkar da sukari, ruwan gishiri da sukari na masu gudawa, shayi baƙi marar madara, ruwan tuffa na kwali wanda ake gani ta cikinsa.

Koko, kunu kowane iri, fura, nono, kindirmo, yogot, shayi da madara, ruwan lemo ko mangwaro da aka matse da tsokarsa, duk abinci ne, awa 6. Madara tana shiga ciki ta haɗu da tsami ta guntse, ta zama kamar abinci mai ƙarfi. Zoɓo ni ina cewa a bari. In an tace shi tas zai iya shiga, amma namu na gida da citta da kanumfari da abarba, ba na son gardama a ƙofar tiyata.

Maman 'Yan Biyu:
Likita ni kuma Hassana ce, wata biyar, za a gyara mata leɓe. Nono take sha amma ina haɗa mata da madarar gwangwani saboda ba ya isarsu su biyu. Wanne zan bi?

Likita Mai Sa Barci:
Kowanne da nasa lokacin. In aikin na takwas na safe ne, madarar gwangwani ta ƙarshe ƙarfe biyun dare, nonon uwa na ƙarshe ƙarfe huɗu na asuba. Ki sa ƙararrawar waya ki tashe ta ki ba ta na ƙarfe huɗun ko da tana barci, a gama kafin huɗu ta buga. Kada ki bari ta yi barci tun goma ki ce ai ta huta, domin jariri ba shi da ajiyar sukari mai yawa a jiki. In kin haɗa biyun a shayarwa ɗaya, lissafin madarar gwangwani za a bi. Kuma ki tabbatar da waɗannan lokutan a bakin likitan da zai sa ta barci, shi ya ga yarinyar, ni ban gan ta ba.

Sista Ladi:
Ki kuma nemi wadda za ta riƙe miki ita bayan ƙarfe huɗu. Jaririn da ke jin ƙamshin uwarsa ana hana shi, kukansa ya fi tsanani, kuma uwa da yawa a nan suke karaya su ba shi a ɓoye cikin hijabi.

Malam Na Masallaci:
Tambaya ɗaya don Allah. Iyaye da yawa suna so su ba yaro zamzam ko rubutu ko dabino kafin a shiga da shi, don neman albarka. Mene ne matsayinsu a wajenku?

Likita Mai Sa Barci:
Allah ya gafarta Malam, zamzam ruwa ne, a ba shi cikin lokacin da aka yarda a sha ruwa. Dabino abinci ne ko da tsagi ɗaya ne. Rubutu kuma akwai tawada a ciki, wani har da haɗin garin magani, don haka a ba shi tun daren, ko a shafa masa. Abin da na fi roƙo shi ne in an riga an ba shi, a faɗa. Ba za mu kai kowa kotu ba. In mun sani, ko mu jinkirta 'yan awanni ko mu canza yadda za mu sa shi barci. Wanda aka ɓoye mana shi ne yake ba mu mamaki a kan tebur.

Malam Na Masallaci:
Madalla. Ɓoyewar ma ai cin amanar yaron ne. Zan yi magana a kai in sha Allah.

Maman Hanif:
'Yan gida na gode. Yau Litinin da aka ba mu gado na ce ina son ganin likitan da zai sa shi barci. Da farko an ce ba sai na gan shi ba, na dai zauna har ya zo zagaye. Ya ce Hanif ne na biyu. Ya rubuta a bayan katinmu: abinci har sha biyun dare, ruwan sukari har shida na safe. Nas ɗin dare ma ta sa hannu. Kakarsa kuma na bar ta a gida da dabara.

Abban Khairat:
Wannan na ƙarshen shi ne babban aikin da kika yi.

Ɗan Damagaram:
Wani abu ya tsaya min. In abinci a ciki haɗari ne haka, yaron da babur ya buge bayan ya ci abinci, ko wanda taifod ta huda wa hanji, yaya ake yi? Ai ba za a jira awa shida ba.

Likita Mai Sa Barci:
Ba a jira in jiran zai ci rai. Irin waɗannan muna ɗaukarsu a matsayin masu cikakken ciki ko da an ce tun jiya ba su ci ba. Ciwo mai tsanani da firgita da wasu magungunan kashe zafi suna tsayar da tafiyar ciki. Yaron da ya ci shinkafa ƙarfe ɗaya ya karye ɗaya da rabi, ƙarfe taran dare ma shinkafar tana iya kasancewa inda take. Shi ya sa tambayarmu ita ce tsakanin cin abincin da faɗuwar minti nawa ne. Wanda hanjinsa ya toshe ko ya huje kuwa, cikinsa cike yake da ruwa ko bai ci komai ba.

Sai mu zura robar hanci mu zuƙe abin da zai zuƙu, mu shirya na'urar tsotsa a kusa, mu ba shi oksijin, sannan mu yi masa allurar barci da ta sakin jiki a jere da sauri, mu sa bututun numfashi ya rufe hanyar iska kafin wani abu ya taso. Ba ma cire bututun sai ya farka har tarinsa ya dawo. Wasu wuraren suna ɗora na'urar sikanin a ciki su duba ko tumbi a cike yake. Duk da haka haɗarin ya fi na wanda aka shirya, dole ce kawai take sa a ɗauka. Saboda haka in yaro ya ji ciwon da ake zaton za a yi masa aiki, a daina ba shi komai tun daga gida. Ruwan da ake ɗura wa wanda ya yi hatsari a bakin titi don hankalinsa ya dawo, mu wahala yake ƙara mana.

Maman Sultan:
Likita na zo a makare. Nawa ɗan mai sikila ne, shekara shida, an ce za a cire masa saifa. Kullum ana ce mana kada ya zauna da ƙishirwa don tana tayar masa da ciwo. Ga kuma wannan dokar. Sannan akwai magungunan da yake sha kowace safiya.

Likita Mai Sa Barci:
Mai sikila ba a haɗa shi da sauran yara a wannan maganar, 'yar uwa. Rashin ruwa yana daga cikin abubuwan da ke sa jininsa ya lauje ya toshe jijiyoyi. Abinci zai tsaya a lokacinsa kamar kowa, amma ruwa ya sha har iyakar lokacin da aka yarda, kuma yawanci ana sa masa ƙarin ruwa tun dare ya ci gaba har a shiga, a kuma sa shi farkon layi. Haka ake yi wa mai ciwon suga. Za a duba yawan jininsa, wataƙila a yi masa ƙari kafin ranar. Magungunan ki kwashe su duka a leda ki nuna wa likitan da zai sa shi barci, ya ware miki wanda za a sha da kurɓin ruwa da safen da wanda za a tsallake. Masu maganin farfaɗiya ma su ji, ba a dakatar da shi don an ce kada a ci abinci sai in likita ne ya ce.

Sista Ladi:
Maman Sultan, ki matsa a sa masa kanular tun da yamma, kafin masu aikin rana su tashi. Yaran sikila jijiyarsu ta sha huda, nemanta da fitilar waya ƙarfe ukun dare ba ƙaramin aiki ba ne. Ki kuma tafi da bargo ko da ana zafi, ɗakin tiyata da sanyi.